Fiɗiya da Sulhu: Yadda Gwanaye Ke Sama wa Zomo Abokin Zama

A Birtaniya zomo na cikin dabbobin da aka fi ajiyewa a gida don sha'awa, bayan kare da kyanwa. Ana raɗa masa suna, ana kai shi asibiti, kuma idan ya samu kulawa yakan yi shekara 8 zuwa 12 a duniya. Sai dai da yawansu su kaɗai suke cinye waɗannan shekaru. Ƙungiyar PDSA, mai yi wa dabbobin marasa ƙarfi magani, tana fitar da rahoto duk shekara tun 2011, kuma rahoton ya sha nuna cewa kusan rabin zomayen ƙasar ba su da abokin zama na jinsinsu.

Labarin yawancinsu iri ɗaya ne. An sayo shi yana ɗan mitsitsi don a faranta wa yaro rai. Da ya kai wata 4 ko 5 sai hali ya sauya: ya riƙa fesa fitsari a bango da ƙafafun mutane, yana zagaye mai gida yana gurnani, yana hawan takalmi da matashin kai, wani lokaci har ya kai cizo. Yaro ya gaji da shi, aka mayar da shi keji a bayan gida. Bayan shekara biyu ko uku sai wani ya ji tausayinsa, ko a gidan ko a cibiyar ceton dabbobi, ya ce a nemo masa abokin zama. Daga nan aikin gwanaye biyu ke farawa: likitan dabbobi da zai fiɗiye shi, da mai haɗa zomaye, wanda galibi ɗan sa-kai ne da ya koyi aikin a zaune a ƙasa, yana kallon kunnuwa da wutsiyoyi shekara da shekaru.

Jikan mazauna rami

Zomon gida ba jikan zomon dajin da mafarautanmu ke kora ba ne. Na dajinmu a fili yake kwana, shi kaɗai yake yawonsa, kuma ana haifar 'ya'yansa da gashi, idanu a buɗe. Na gida kuwa kakansa zomon Turai ne, ɗan asalin Sifaniya da Fotugal da kudancin Faransa, wanda ke haƙa ramuka masu haɗe da juna ya zauna cikin jama'a. A can, yayin da wasu ke kiwo wani na tsaye yana sauraro. Da ya ji motsi sai ya buga ƙafar baya a ƙasa, kowa ya faɗa rami. Suna ɗumama juna a lokacin sanyi, suna lashe wa juna ido da bayan kunne, wuraren da zomo ba ya iya kaiwa da harshensa.

A 2008 Shirley Seaman da abokan aikinta a Edinbura suka buga sakamakon wani gwaji mai sauƙin fahimta. Sun sa wa zomaye ƙofa mai nauyi, suna ƙara nauyin a hankali, don a ga iya wahalar da zomanya za ta yarda ta sha kafin ta kai ga abin da ke bayan ƙofar. Ƙoƙarin da suka yi don su kai ga 'yar'uwarsu ya yi kusan daidai da wanda suka yi don su kai ga abinci. Dokar kula da dabbobi ta 2006 a Ingila da Wales ma ta lissafa zama da 'yan'uwa, ga dabbar da ke buƙatar haka, cikin haƙƙoƙi biyar da ke wuyan mai ita.

To amma wannan gadon ne kuma ya sa zomo ya zama mai kishin wuri. Ronald Lockley, wanda ya yi shekaru yana kallon zomaye a cikin wani shinge a Orielton da ke Wales, ya bayyana a littafinsa na 1964 cewa zamansu na sarauta ne, akwai manya akwai talakawa, kuma da faɗa ake samun matsayi. A Ostireliya Roman Mykytowycz ya nuna cewa namijin da ke mulki ya fi sauran girman ƙullutun warin da ke ƙarƙashin haɓa, ya kuma fi su yawan goga haɓarsa a kan abubuwa don ya shaida cewa nasa ne. Duk mai kiwon zomaye don nama a Zariya ko Maraɗi ya san ƙarshen maza biyu balagaggu a keji ɗaya: kunne a yage, ciki a farke, kuma sau da yawa maraina suke kai wa cizo. Saboda haka babu mai hankalin da zai ɗauko baƙo ya jefa wa zomon da ya shekara uku yana mulkin kejinsa. Sai an fara rage wutar da ke ingiza shi.

A hannun likita

Fiɗiya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ana yi wa rago da bunsuru da sa, ko a yanka ko a dandaƙe. Ta zomo ta bambanta saboda wata halitta tasa. Kafar da ke tsakanin cikinsa da jakar maraina ba ta rufewa har ya mutu. Idan ya tsorata yana iya janye 'ya'yan marainan zuwa ciki, likita ya duba ya ga wayam, sai ya danna mara a hankali kafin su sauko. Kuma idan aka cire su aka bar kafar a buɗe, kitse ko hanji ko mafitsara na iya zurarowa ta nan, ya zama ƙaba. Shi ya sa ba a sa masa zoben roba, ba a dandaƙe shi. Gwani ko dai ya ɗaure jijiyoyin tare da rigar da ke lulluɓe da su ba tare da ya buɗe ta ba, ko kuma ya buɗe, ya cire, sannan ya ɗinke kafar. Fatar wurin siririya ce ƙwarai, aska kaɗai na iya yaga ta, don haka hatta aske gashin ana yin sa da taka-tsantsan.

Yankan kansa galibi ba ya kai rabin awa. Inda ake gane gwani shi ne wajen sa barci da farkarwa. Wani babban bincike da David Brodbelt na kwalejin likitan dabbobi ta Landan ya jagoranta, wanda aka buga a 2008, ya gano cewa zomo 1 cikin 72 na mutuwa a dalilin maganin barcin tiyata, alhali a karnuka kusan 1 ne cikin 600. Ko a cikin zomaye masu ƙoshin lafiya, 1 ne cikin 137. Kashi 64 cikin 100 na mace-macen kuma bayan an gama aikin suka faru. Waɗannan alƙaluma sun sa likitoci da yawa sake lale, har ƙungiyar RWAF mai kare haƙƙin zomaye a Birtaniya take ajiye jerin asibitocin da suka cika sharuɗɗanta, don mai zomo ya san inda zai nufa.

Dalilan haɗarin a jikin zomon suke. Dabba ce da kowa ke farauta, don haka ta saba ɓoye ciwo; wanda huhunsa ya daɗe da lalacewa zai zauna tsaf kamar lafiyayye. Ga zomon da ya manyanta, likita zai saurari ƙirji da kyau, ya duba hanci da haƙora, ya auna nauyi daidai, wani lokaci ya ɗebi jini ya ga lafiyar ƙoda da hanta. Shekaru kaɗai ba sa hana tiyata. Ciwon da ke ɓoye da kuma ƙiba su ne abin tsoro. Tsoro shi kansa yana iya tsayar masa da zuciya, shi ya sa asibiti mai kyau ba ya ajiye zomo inda zai ji haushin kare ko warin kyanwa.

Ba a hana zomo abinci kafin tiyata. Kare da mutum ana sa su azumi don kada su yi amai, shi kuwa zomo ba ya iya amai, kuma hanjinsa ba ya son tsayawa ko na ɗan lokaci. Idan ma'aikacin asibiti ya ce a kawo zomo da yunwa tun dare, masu zomaye sun san lokacin neman wani asibitin ya yi. Ana kawo shi ne da ciyawarsa da ganyen da ya fi so.

Sai numfashi. Ta hanci kaɗai zomo ke shaƙar iska. Bakinsa ƙarami ne mai zurfi, harshe ya cika shi, manyan haƙoran gaba sun tare hanya, maƙogwaron kuma yana can ciki inda ido ba ya kaiwa da sauƙi. Zura bututun iska mai faɗin milimita 2 ko 3 a wannan wuri aiki ne na hannu mai ji: wasu likitoci suna kara kunne a bakin bututun suna bin sautin numfashi har ya shige, wasu suna amfani da 'yar kyamara, wasu kuma da wata roba mai suna v-gel da ke zama a bakin maƙogwaro. Idan aka rufa masa abin shaƙa tun yana farke, warin maganin na sa ya riƙe numfashi, don haka ake fara yi masa allurar kwantar da hankali. Ƙirjinsa ƙarami ne, cikinsa babba; idan aka kwantar da shi rigingine sai a ɗan ɗaga gabansa don kada kayan ciki su danne huhu. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38.5 zuwa 40 ne, kuma ƙaramin jiki da sauri yake sanyi, saboda haka ana ɗumama shi tun daga tebur har ya farka.

Wajen rufe ciwon ma akwai hikima. Zomo zai tsinke duk zaren da haƙorinsa ya samu. Kwalar roba da ake sa wa kare don kada ya lashi ciwo kuwa tana cutar da shi, domin akwai wani kashi mai laushi da yake ɗauka kai tsaye daga duburarsa ya sake ci, daga nan yake samun wasu sinadaran gina jiki. Kwala na hana shi kaiwa. Sai likita ya binne ɗinkin a ƙarƙashin fata, ko ya manne bakin da gam ɗin tiyata. Ana ba shi maganin ciwo irin su meloksikam, domin zomon da ke jin zafi ba ya ci, wanda ba ya ci kuma hanjinsa na tsayawa, tsayawar hanji kuwa tana kisa. Ana kuma kiyaye ba shi wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta ta baki, irin su amoksisilin da kilindamaisin, saboda suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci. Ma'aunin nasara a ranar bai wuce biyu ba: ya ci, ya yi kashi. Idan awa 12 ta wuce bai taɓa abinci ba, a koma asibiti, a fara ɗura masa da sirinji.

Makonnin jira

Ciwon kan warke cikin kwana 10 ko makamancin haka, amma a nan masu gaggawa ke faɗawa rami. Namijin da aka fiɗiye yana iya yi wa zomanya ciki har makonni 4 zuwa 6 bayan aikin, saboda sauran maniyyin da ke cikin hanya. Ita kuwa zomanya barbarar ce ke sa ta saki ƙwai, ciki kuma kwana 31 ne kacal. Sinadarin da ke ingiza shi faɗa da fesa fitsari ma a hankali yake janyewa daga jini. Ga zomon da ya girma akwai ƙarin abu: abin da jini ya fara, sabo ya ɗora. Warin fitsarin zai ragu, fesawar ma galibi ta daina, amma wani zai ci gaba da hawan abubuwa har tsufansa, saboda ya riga ya koya.

A cikin wannan jira ake zaɓen abokin zama. Haɗin da ya fi karɓuwa shi ne namiji fiɗiyayye da macen da aka cire wa mahaifa. Cirewar tana rage mata zafin kishin wuri, tana kuma kare ta daga ciwon dajin mahaifa, wanda ya yi yawa a zomanyar da ta haura shekara 4. Girma da launi da irin zomon ba su da wani tasiri. Hali ake dubawa. Mai son mulki ya fi dacewa da mai sanyin rai. Ƙungiyar House Rabbit Society, da aka kafa a Kalifoniya a 1988, da cibiyoyin ceto da yawa sukan bar mai zomo ya kawo nasa a gwada shi da biyu ko uku, a ga wadda jininsu ya haɗu. Kafin nan sai an tabbatar duka biyun sun samu rigakafin cututtukan zomaye, kuma baƙon ba ya ɗauke da wata cuta.

Aikin mai haɗawa

Matakin farko maƙwabtaka ce. Ana ajiye su a shinge biyu kusa da juna, da 'yar tazara a tsakani yadda hanci ba zai kai hanci ba, domin cizo ɗaya ta cikin waya na iya ɓata aikin wata guda. Ana sa abincinsu a gefen da ke kallon juna. Ana musanya musu akwatin fitsari da shimfiɗa, har kowa ya saba kwana cikin warin ɗayan. Ranar da mai haɗawa ya ga sun zo sun kwanta kusa da shingen, kowa a nasa gefen, ya san an kusa.

Haɗuwar farko ba a yin ta a wurin kowa. Kai baƙo shingen zomanya daidai yake da a kawo amarya a sauke ta a ɗakin uwargida. Sai a nemi wurin da babu wanda ya taɓa taka shi a cikinsu, ƙarami, marar lungun da za a ritsa wani, a zuba tulin ciyawa a tsakiya. Mai haɗawa ya zauna kusa, da safar hannu mai kauri da abin kwashe shara a hannu, wanda zai zura tsakaninsu idan ta ɓaci; ba a raba faɗan zomaye da hannu tsirara.

Daga nan sai karatu. Wanda bai sani ba zai ga zomaye biyu sun juya wa juna baya, kowa na cin ciyawarsa, ya ce abin bai yi ba. Gwani kuwa murna yake yi, domin zomo ba ya juya baya ga wanda yake tsoro, ba ya kuma tsayawa wanke fuska a gaban abokin gaba. Idan ɗaya ya fara lasar jikinsa ɗayan ma ya kwaikwaya, alama ce mai kyau. Idan ɗaya ya miƙe ƙafafu ya kwanta a gefe, ta fi kyau.

Sai kuma abubuwan da ke kama da faɗa amma shawara ce. Ɗaya zai hau ɗaya, mace ma tana hawan namiji, don a san wane ne babba. Za a ɗan yi kora, a ɗan ciji gindi, gashi ya tashi. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Wanda ya raba su duk lokacin da gashi ya tashi ya hana su gama maganar, gobe kuma daga farko za su soma. Wanda ya bari abin ya wuce gona da iri kuma zai kwashi zomo zuwa ɗinki, kuma zomo ba ya saurin manta wanda ya ji masa ciwo. Tsakanin waɗannan biyu akwai 'yan daƙiƙoƙi, a cikinsu gwanintar take. Mai haɗawa yana barin hawan ya ɗan ɗauki lokaci, sannan ya zame na saman a hankali kafin na ƙasa ya fusata. Idan hawan ta wajen kai ne, nan take yake hanawa, don na ƙasa na iya cizon al'aurar na sama. Idan ya ga wutsiya ta ɗaga, kunnuwa sun kwanta baya, jiki ya miƙe gaba, ya san hari na tafe, sai ya sa hannu ya shafa kawunansu tun kafin a kai. Idan suka fara zagaye juna kai da gindi da sauri, babu jira, a raba. Kuma yana ƙoƙarin kada a tashi zaman a kan faɗa, don kada zomo ya koyi cewa cizo ne ke korar masa baƙo.

Akwai wani lokaci da duk masu wannan aiki ke jira. Ɗaya zai matso ya sunkuyar da kai ƙasa a gaban ɗayan, ya tura shi ƙarƙashin haɓarsa. Mai kallo zai ɗauka ladabi ne, alhali umarni ne: lashe ni. A wurin zomaye babba ake yi wa lasa. Wani lokaci dukansu biyu za su sunkuya, goshi da goshi, kowa na jiran ɗayan ya sauko, su daɗe a haka. A nan mai haɗawa kan sa yatsu ya shafa goshinsu tare, kowa ya ji kamar shi ake yi wa hidima, zuciya ta sauka. Wasu kan shafa ɗan ayaba a goshin ɗaya don ɗayan ya lasa. Ranar da lasar ta zo da kanta, an ci rabin tafiya.

Masu aikin sun kasu a kan hanya. Wasu gajerun zama suke yi kullum, suna ƙara tsawonsu. Wasu kuma idan sun haɗa ba sa sake rabawa, sai su kwana kusa da shingen dare biyu ko uku suna sauraro. Akwai tsohuwar dabarar sa su a kwali ɗaya a zaga da su a mota don tsoro ya sa su manne da juna. Da yawan masana yanzu ba sa son ta, domin tsoro kan tsayar da hanji, kuma haɗin da tsoro ya ƙulla yakan warware idan hankali ya kwanta. Duk hanyar da aka bi, ana faɗaɗa wurin ne kaɗan-kaɗan, a wanke tsohon mazaunin da ruwan binega, a sauya tsarin kayan, a sa maɓoya mai ƙofa biyu, kafin a mayar da su gida. Wasu kwana uku ya ishe su, wasu sai an yi watanni.

Bayan an ɗaura

Haɗin da ya kama yana da nasa dokoki. Ba a sake raba su. Idan ɗaya zai je asibiti, tare ake kai su, domin wanda ya dawo da baƙon wari ɗan'uwansa na iya far masa, kuma marar lafiya ya fi saurin komawa cin abinci idan abokinsa na gefe. Idan faɗa ya ɓarke tsakanin waɗanda suka shekara lafiya, gwani likita yake fara nema, saboda sau da yawa ciwon haƙori ko na kunne ne ya sauya wa ɗaya hali. Idan ɗaya ya mutu, ana barin mai rai da gawar na 'yan awanni don ya gane, kada ya yi ta nema ya ƙi abinci.

Kuma ba kowane haɗi ke yiwuwa ba. Akwai zomaye biyu da an fiɗiye su daidai, an jira daidai, an bi kowane mataki, amma ba sa son juna. Cibiyoyin ceto masu kyau sun san haka, shi ya sa suke karɓar nasu su ba da wani a gwada. Mai haɗawar da ya iya cewa waɗannan biyun ba za su zauna ba, tun kafin a zubar da jini, ya fi wanda ya nace don kada a ce ya gaza. Wuƙar likita tana kawar da abin da ke hana zaman, mai haɗawa yana shirya wuri da lokaci, amma zaɓin na zomayen ne, kuma duk wanda ya ƙware a wannan aiki ya yarda da hakan tun kafin ya fara.